Na Buɗe Hanya Daga Taman Melati

Mubarak ne ya jawo wannan rubutun. Ɗalibi ne a wata kwaleji a nan Kuala Lumpur, bene ɗaya yake zaune da 'yata Hauwa a Taman Melati. Ranar da aka sassauta kullen korona har aka yarda mutum ya zauna a mamak, shagon shayi da gurasar rotin nan na bakin layinmu, shi da abokansa suka ja ni can. Tebur nan, tebur can, kowa da takunkumi a haɓa. Ya karɓi wayata yana duba hotuna, sai ya tsaya a kan wani inda nake tsaye cikin rami fari tas, da shebur a hannu.

"Baba, wai aikin ke nan? Ka hau dutse, ka yi wasa da snow, ka sauko? Wannan ai holiday ne lah."

Na kusa da shi ya ce, "Abeg Baba, in akwai vacancy ka sa sunana. Ni da ma sanyi nake so, zafin garin nan ya ishe ni."

Suka bushe da dariya. Na ce su ci abincinsu, zan ba su amsa a rubuce, don in na fara da baki shayina zai huce, su kuma ba sa iya sauraron mutum minti biyar ba su taɓa waya ba. To ga amsar, 'ya'yana.

Aikina shi ne in ce a buɗe hanya ko a rufe. Shi ke nan. A yammacin Kanada, inda duwatsu suke gangarowa har bakin teku, akwai wata hanya da take bin gindin dutse zuwa wani ƙauyen masunta, kuma babu wata sai ita. Da hunturu dusar ƙanƙara tana taruwa a saman duwatsun nan har ta fi tsayin ɗaki. Wata rana sai ta yanke daga sama ta zaftaro gaba ɗaya, ta share duk abin da ta tarar. Ni ne mutumin da zai hau ya duba, ya sauko ya ce wa masu mota ku wuce ko ku jira. In na ce ku jira alhali lafiya lau ne, in sha zagi. In na ce ku wuce alhali ba lafiya ba, sai dai a ɗauko shebur a nemi mutane. Shekara ashirin da wani abu na yi ina wannan aikin.

Ramin farko da na koyi karantawa ba a Kanada yake ba, a wani ƙauye ne gabas da Gumel. Mahaifina maginin rijiya ne, ni kuma mai jan guga, har na kai ya yarda in sauka. Duk zurfin gaba guda da muka haƙa sai ya tsaya ya danna babban yatsa a bango. Jar ƙasa, marmara, yumɓu, kowanne ya san halinsa. Wata rana a gaba na shida, ƙarƙashin yumɓu mai taurin da sai da dagi, ya sosa bango da farce, sai wani farin rairayi da faɗinsa bai fi yatsu huɗu ba ya fara zubowa suuu. Ya kama hannuna ya ɗora a kan yumɓun, sannan ya saukar da shi kan rairayin. Ya ce, "Idi, duk wannan nauyin da ke kanmu a kan ɗan wannan yake zaune. Kar taurin na sama ya ruɗe ka, ka riƙa duba abin da yake zaune a kai." Muka fito, ba mu sake saka dagi ba sai da aka ɗaure bangon da siminti.

Karatun harkar ruwa ne ya kai ni Kanada. A can suna auna dusar da ke kan dutse don su san yawan ruwan da kogi zai samu in ta narke, aka tura mu ɗalibai mu taya. Wanda yake kula da hanyar masuntan a lokacin wani dattijo ne, Anders, dogo siriri, ba ya dariya sai an matsa masa. Ya gan ni a cikin rami, kowa yana cika takarda, ni kuwa na cire safar hannu ina danna bango da yatsa. Ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce babana, a ƙasar da ko a firij ba kowa ke da ƙanƙara ba. Ya ce in zo masa ranar Litinin.

Zaftarewar farko da na gani da idona, Anders ne ya jawo ta da gangan. Akwai wani kwari a saman hanyar, faɗi ne da shi a sama kamar ƙwarya, sai ya tsuke a ƙasa daidai inda motoci ke wucewa. Sunan da muke kiran sa da shi, in na mayar da Hausa, Maƙogwaro. An rufe hanya, jirgi mai saukar ungulu ya tashi ya jefa nakiya a can sama, mu kuma muna tsaye a wani tudu da nisa. Na ga hayaƙi ɗan kaɗan, na ce a raina, au, shi ke nan? Sai wani baƙin layi ya tsaga farin dutsen daga wannan gefe zuwa wancan, da saurin da ido ba ya iya bi. Duk abin da ke ƙasan layin, fili wanda ya fi unguwarku girma, ya motsa a tare. Da farko babu ƙara ko kaɗan, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Can sai rugugi ya iso, na ji shi a ƙirjina kafin kunnena. Farin gajimare ya tashi ya rufe rana, itatuwan da mutum uku ba sa iya rungumewa suna karyewa kamar ashana, iskar abin ta zo ta cire mini hula. Na sami kaina a durƙushe ina ta Subhanallah da ƙarfi. Na karanta ayoyin da ke cewa ran ƙiyama duwatsu za su yi tafiya tun ina makarantar allo, amma ranar ne na ga ɗan kaɗan daga abin da ake nufi. Anders ya ɗauko mini hular ya ce, "Wannan matsakaiciya ce."

Kayan aikin duk jaka ɗaya suke shiga. Shebur, zarto, da wata sanda mai gaɓa-gaɓa da ake haɗawa a caka don jin zurfi. Ma'aunin sanyi, madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, da ɗan baƙin faranti da ake zuba ƙwayar dusa a kai a duba siffarta. Littafi da fensir, don biro daskarewa take yi ta bar ka da kunya. Oba-oba na magana da na ƙasa. Sai wata na'ura da ake ratayawa a ƙirji, tana aika alama, don in ta binne ka a san inda za a haƙa. Ni kuma na ƙara da fulas ɗin ruwan ɗumi na alwala, wanda abokan aikina suka shekara suna zaton shayi ne nake yi musu rowarsa.

Ramin kansa, in ka haƙa ka gyara bangon ya yi sumul, ka shafa da bayan safar hannu, sai ka ga dusar nan da kuke gani fara ɗaya ashe hawa-hawa ce, kamar tabarmi da aka jibga. Kowane hawa za ka gwada taurinsa. In dunƙulen hannu ya shiga, mai laushi ne. In sai yatsu huɗu, ya ɗan fi. Daga nan yatsa ɗaya, sai fensir, sai wanda wuƙa kaɗai ke shiga. Sannan ka yanki ginshiƙi da zarto, ka ɗora shebur a kansa ka riƙa bugawa, goma daga wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa. In ya murmushe a hankali, da sauƙi. In kuwa saman ya zame fit ya fito kamar an jawo aljihun tebur, to tattara kayanka ka sauka, kuma ka bi ta cikin itatuwa.

Wannan duk a wata guda za a iya koya wa mutum, har Mubarak. Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne wanda Anders ya fi damuwa da shi. Tun daga ranar da dusar farko ta sauka, kullum da safe sai na fita waje hannu ba safa, na taɓa abin da ya kwana a ƙasa, na rubuta. In muka shiga rami bayan wata uku, sai ya nuna wani siririn ɓawo ya ce wane ne wannan. Dole in ce, wannan ruwan saman da aka yi ne ranar da motar gidan waya ta maƙale. Ya nuna wani, in ce wannan iskar da ta cire rufin rumfar mai ce. Kowane hawa rana ce da ka rayu a cikinta, ka san yadda ta zo da yadda aka binne ta. Wanda bai ga hunturun ba, in ya shiga rami, layuka kawai yake gani.

Masu jiran maganata suna da yawa: direbobin katako, motar kifi, motar abinci, ma'aikaciyar jinya da ke zuwa ƙauyen duk mako. Amma babu wanda ransa yake hannuna kamar Walter, direban katafilar da ke ture dusa daga hanya. Mai mota yana wuce ƙasan Maƙogwaro kafin ka ƙirga ashirin. Walter kuwa in an buɗe, awa uku yake yi a wurin yana turewa, injin yana ƙara, ba ya jin komai, ba ya ganin sama. Ƙato ne, ɗan ƙauyen ne, kullum da kyafaffen kifi a aljihu yana tura mini. Bai taɓa buɗe littafina ba. Tambayarsa ɗaya ce tsawon shekarun nan, "Idi, in tafi?" In na ce tafi, ya tafi.

Yanzu ku saurari abin da ya kusa kashe shi. Mu mutanen bakin teku muna da wata ƙa'ida da muke alfahari da ita. Dusarmu daga teku take zuwa, da danshi da nauyi, tana kama jikinta kamar tuwon da ya huce. Haɗarinta yana lokacin da take sauka ne da kwana ɗaya ko biyu bayan nan. In ta kwana biyu ta zauna, sai a buɗe hanya. Abokan aikinmu na duwatsun cikin ƙasa, inda sanyi ke da bushewa, su ne suke fama da ruɓaɓɓen hawa a ƙasa duk hunturu, har tsokanar su muke yi. Kuma ina da ramina na kullum, a wani dandali da ke saman hanya, tafiyar awa guda, yana fuskantar rana da iskar teku. Anders ne ya zaɓi wurin, na gada, kuma ramin bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Na zo Kuala Lumpur suna ne. Hauwa ta haihu, mijinta yana koyarwa a jami'a, na ce mako uku zan yi in koma. Sai korona ta rufe duniya. Aka soke jirgina sau biyu, na uku kuma Hauwa ta ɗauke fasfona ta ɓoye, ta ce, "Baba, da hawan jininka ba za ka shiga jirgi awa ashirin da mutane suna tari ba, ko za ka yi fushi da ni." Haka na ga bazara ta wuce, hunturu ya shiga a can, ni ina nan ina goyon jika a baranda ina ƙirga jiragen ƙasa da ke wucewa ta tashar Taman Melati babu kowa a ciki.

Aikin ya koma hannun Tessa, wadda ta shekara shida a ƙarƙashina. Mace ce mai shekara talatin da 'yan kai, ba ta da yawan magana, kuma hannunta a rami ya fi nawa tsabta. Sai dai ofishinmu suka ce tunda sunana ne a takarda, ta riƙa turo mini hotunan rami da abin da ta rubuta, ina dubawa. Na yarda, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. La'asar ɗinsu asubarmu ce, saboda haka ina idar da salla zan tarar da saƙonta, in zauna da singileti, fanka tana juyawa, ina yi wa dutsen da ke bayan duniya hukunci.

Can tsakiyar hunturu aka yi wata dusa ta kwana uku ba tsayawa, aka rufe hanya. Kwana biyu bayan ta ɗauke, Tessa ta hau ramina ta turo hotuna. Na buɗe su ɗaya-ɗaya. Bango mai kyau, tauri yana ƙaruwa daga sama zuwa ƙasa yadda ake so, ta buga shebur talatin ginshiƙin bai zame ba. A bakin shingen da aka tare hanya da shi kuwa motar abinci tana jira, ga ma'aikaciyar jinya da akwatin allurar rigakafin da tsofaffin ƙauyen suka daɗe suna jira. Na kira ta na ce gobe a buɗe.

Ta ce, "Idi, hankalina bai kwanta ba. Kafin dusar nan an yi kwanaki sama tas, ga sanyin da ban taɓa ji a nan ba, babu iska. Gashin tsuntsu ya fito a kan motata, tsawonsa ya kai farce."

Gashin tsuntsu muke ce wa wata raɓa da ke daskarewa a saman dusa in dare ya yi sanyi ba gajimare. Tsaye take fitowa, falle-falle, tana sheƙi, babu abin da ya fi ta kyau a dutse. In wata dusar ta sauka ta binne ta a tsaye, to duk abin da ya hau kai a kan gilashi yake zaune.

Na ce, "Kin gan shi a ramin?"

Ta ce, "A'a."

Na ce, "To rana da iskar teku sun cinye shi kafin a binne shi. Kullum haka yake yi. Nan ba cikin ƙasa ba ne, Tessa."

Ta ce to. Da bakina na faɗi wannan, ina share gumi da gefen zani. Kwanakin sanyin da take magana a kai ban ji su a fatata ba, a wurina layi biyu ne a saƙon waya. Ba a jima ba Walter ya kira da kansa daga garejinsu. Ya tambayi jikata, ya tambaya ko har yanzu shinkafa suke ba ni safe da yamma, sannan ya ce, "Idi, in tafi?" Na ce masa gobe ya tafi.

Washegari ina sallame sallar asuba waya ta yi ƙara. Tessa ce, tana haki, ina jin takunta. Ta ce tun safe ta hau, ba ramina ta je ba, ta zagaya ɓangaren inuwa inda rana ba ta kaiwa a hunturu, irin fuskar da Maƙogwaro yake kallo. Tana wani shimfiɗaɗɗen fili da tudu ya raba shi da kwarin, don kar takunta ya tayar da wani abu a kan hanya. Ta ce Walter ya share ƙasan hanya tun safe, yanzu awa guda ke nan yana ƙarƙashin Maƙogwaro. Ta kira shi a oba-oba ta ce ya fita, ya ce mata Idi ya ce a tafi.

Na fara cewa, "Tessa, jiya mun—"

Ta ce, "Kar ka yi magana. Ka saurara kawai. Wuri ɗaya ba ya yi sau biyu, zan taka inda ban taka ba."

Na fita baranda na toshe ɗaya kunnen. Gari bai gama wayewa ba, ƙamshin soyayyar albasa yana tasowa daga wani gida a ƙasa. A cikin wayar ina jin taku, ƙurus, ƙurus, ƙurus. Sai na ji shi. Wum. Ƙara ce mai zurfi, gajeriya, kamar an saki buhun hatsi a ɗakin da ke ƙarƙashinka, sai kuma ta yi ta tafiya tana nisa. Wanda ya taɓa jin ta ba ya mantawa. Fili ne guda, da duk nauyin da ke kansa, ya faɗa kan ruɓaɓɓen hawan da ke ƙasa a lokaci ɗaya, iskar da ke tsakani ta fita. A shekaruna duka sau uku na taɓa jin ta a bakin teku, kuma ban taɓa jin mai girman wannan ba. Tsigar jikina ta tashi a cikin zafin nan, na kama ƙarfen baranda. Tsoro na ji, da kuma girman Allah, a lokaci guda.

Na ce, "Haɗa ni da shi."

Ta kara wayar a bakin oba-oba ta danna. Muryata ta tashi daga hawa na tara a Taman Melati, ta ratsa teku, ta shiga aljihun rigar mutumin da ke zaune a ƙasan dutse.

"Walter, Idi ne. Fita daga wurin nan yanzu."

Sai da ya rage ƙarar injin. "Idi? Saura kaɗan in huda. Matar nan tana bakin shinge da allura tun shekaranjiya. Innata tana cikin masu jira."

"Na sani. Fita."

"Jiya kai ka ce in tafi."

"Jiya na yi kuskure. Ban ga hunturun bana ba, Walter. Ita ta gani. Na ba ka maganar mutumin da ba ya nan, ka yar da ita. Abin da Tessa ta ce shi ne."

Na ji ya yi wata ashar da ba zan rubuta muku ba, sannan injin ya tashi. Hanyar a wurin matsattsiya ce, bangon dusa hagu da dama, babu wurin juyawa, sai da baya. Cikin sauri ƙafar katafilar ta zame ta faɗa lambatu. Ya ce minti goma zai fitar da ita. Wannan karon Tessa ce ta yi magana, da wata murya da ban san tana da ita ba. Ta ce ya kashe injin ya sauko, ya bi gefen teku da ƙafa har ya shiga manyan itatuwa, kar ya tsaya ɗaukar komai. Ina riƙe da waya ina jin numfashinta, Hauwa ta fito da jaririya a kafaɗa tana tambayata lafiya, na ɗaga mata hannu. Ban san tsawon lokacin ba. Daga ƙarshe oba-oba ya yi ƙara, Walter ya ce ya kai shinge, kuma yana so a rubuta cewa an sa shi ya bar motarsa a titi kamar ɓarawo.

Ranar babu abin da ya sauko. Washegari ma haka, rana ta fito, dutse yana ta sheƙi kamar bai san komai ba. Sai dai gajimare ya rufe can sama inda jirgi zai jefa nakiya, saboda haka ba a iya gwadawa ba. Mutanen ƙauye suka yi ta kiran ofis, ofis suka yi ta kiran Tessa, wasu suna cewa ai ko tsohon ma ya ce a buɗe kafin ta tsorata shi. Ta tsaya a kan bakanta. Da ƙyar aka samu wani masunci ya zagaya da ma'aikaciyar jinyar da akwatinta ta ruwa, tafiyar da ta ci musu yini guda cikin igiyar ruwa. Walter bai ɗaga wayata ba.

A rana ta uku iska ta juyo daga teku da ɗumi, aka fara ruwan sama har can ƙololuwa. Babu wanda ya ga zaftarowar dusar Maƙogwaro. A ƙauyen dai sun ce kwanuka sun yi ƙara a kan kanta, karnuka suka shige ƙarƙashin gidaje.

Kwana biyu bayan nan Tessa ta kira ni da bidiyo, hantsi ya fara a nan. Ta ce kwarin ya zube har ƙasa, babu abin da ya rage a sama, shi ya sa ta yarda aka matso. Ta juya wayar a hankali. Na ga dutse baƙi tsirara inda na saba ganin fari. Na ga dajin da ke gefen kwarin, itatuwan da suka girmi kakan kakana, babu shi, an aske. Ƙasa kuma wani tudu ne na dunƙulen dusa manya kamar ɗakuna, da laka, da gungume, ya wuce har cikin teku, ruwan yana ta kaɗa rassa. 

Na ce, "Ina hanyar?"

Ta ce, "A kanta nake. Na haɗa sanda ta ƙare ban taɓa kwalta ba."

Sai wani ƙaton hannu ya karɓi wayar. Fuskar Walter ta cika gilashin, gemunsa ya yi fari da raɓa. Ya kalle ni, na kalle shi. Ya juya wayar ya nuna mini takalmansa a kan tudun, ya buga ƙafa sau biyu.

Ya ce, "Kujerata tana nan ƙasa, Idi. Da abincin ranata a kai."

Ya miƙa mata wayar ya juya baya yana kallon teku.

Tessa ta gyara hularta ta ce, "Akwai sauran kwaruruka biyu a gaba da ba su zubo ba. Ofis suna so a fara haƙa gobe ta wannan gefen. Me ka gani?"

Bakina har ya buɗe. Shekara ashirin da wani abu ana yi mini tambayar nan, amsa tana fitowa ne da kanta. Na kalli hannuna da ke riƙe da wayar, busasshe, mai ɗumi, rabonsa da taɓa dusa kusan shekara.

Na ce, "Ban ga komai ba, Tessa. Ke kike tsaye a kai."